Makamashin Nukiliya da Ɗumamar Duniya: Matsayin Harshe da Amana Wajen Wayar da Kan Jama'a

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2023, a wajen babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Dubai, ƙasashe fiye da 20 sun sa hannu a kan wata sanarwa, inda suka ɗauki alkawarin haɗa ƙarfi domin a ninka wutar lantarkin da duniya ke samu daga nukiliya har sau uku kafin shekarar 2050. Ghana tana cikin waɗanda suka sa hannu tun a wannan zama, Nijeriya kuwa ta bi sahu a taron birnin Baku a watan Nuwamba na 2024. Sa hannun gwamnati a takarda abu ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne samun yardar mutanen da za a gina tashar kusa da gonakinsu, waɗanda kuma da dukiyarsu za a biya bashin ginin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa masana da dama suke lissafa nukiliya cikin magungunan ɗumamar duniya, da dalilin da ya sa jama'a suke ɗari-ɗari da ita, sa'an nan ta duba yadda ake gina fahimta a tsakanin ɓangarorin biyu. Za a nuna cewa goyon baya mai ɗorewa yana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku, watau kalmomin da suka dace, da faɗin gaskiya, da bai wa jama'a ikon yarda ko ƙi. Dutse na farko kuwa yana hannun masu nazarin harshe.

2.0 Makamashi da Ɗumamar Duniya

Yawancin wutar lantarkin duniya daga ƙona kwal da gas da mai ake samun ta. Duk sa'ad da aka ƙona waɗannan abubuwa sai iskar kabon ta fita ta taru a sararin sama, ta zama kamar mayafi mai hana zafin ƙasa fita. Kafin bunƙasar masana'antu a Turai yawan wannan iska bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, amma yanzu ya haura 420, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye ma'auni. Manomin ƙasar Hausa ba ya bukatar a karanta masa waɗannan alƙaluma kafin ya gane cewa al'amura sun sauya, domin yana ganin bazara tana ƙara tsanani, damina kuma ba ta da tabbas, wani lokaci ruwa ya ɗauke shuka na tsakiyar girma, wani lokaci ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya tafi da gona.

A shekarar 2014 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya kwatanta hanyoyin samar da wuta, ya lissafa iskar kabon da kowace hanya ke fitarwa tun daga haƙo ma'adini har zuwa rushe tasha. A kan kowane yunit na wuta, watau kilowat ɗaya na tsawon awa guda, kwal yana fitar da kimanin giram 820, gas 490, manyan gonakin hasken rana 48, nukiliya 12, iska kuwa 11. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin hujjar masu goyon bayan nukiliya.

Mai karatu zai iya tambaya, ƙasar da Allah ya hore wa rana irin ƙasar Hausa, me za ta yi da nukiliya? Lalle hasken rana ya fi araha, ya kuma fi saurin kafawa, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙauyukan da wayar wuta ba ta kai ba. Sai dai rana tana faɗuwa, hazon hunturu yana rage ƙarfinta, ajiye wuta mai yawa a batir kuma yana da tsada, alhali kuwa masaƙa da asibiti da injin ban-ruwa suna bukatar wuta dare da rana. Tashar nukiliya tana iya yin fiye da shekara guda tana aiki ba a tsayar da ita domin ƙara mata makamashi ba. Faransa ta ɗauki wannan hanya a 1974, bayan tashin farashin mai na 1973, kuma a yau kimanin kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake. A duniya baki ɗaya akwai tukwanen nukiliya fiye da 400 a ƙasashe kimanin 30, suna ba da wajen kashi 9 cikin 100 na wutar duniya. A nahiyar Afirka tasha ɗaya ce ke ba da wuta, watau Koeberg ta Afirka ta Kudu wadda ta fara aiki a 1984, sai kuma Masar da ta fara ginin tata a El Dabaa a 2022.

3.0 Yadda Tashar Nukiliya Take Aiki

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwayar zarra kuma tana da cibiya. Akwai wani nau'in ƙarfen yuraniyom, wanda masana suka yi wa lamba 235, da cibiyarsa ke rabewa biyu idan wani ɗan ƙanƙanin ɓarɓashi mai suna nutiron ya buge ta. Rabewar tana fitar da zafi, tana kuma sakin wasu nutiron biyu ko uku, su ma su bugi cibiyoyin da ke kusa, haka abin zai yi ta bin juna. A cikin tukunyar nukiliya akwai sanduna na musamman masu shanye nutiron. Idan aka zura su ciki sai aikin ya lafa, idan aka ɗaga su sai ya ƙaru, kamar yadda mai girki ke janye itace ko ta iza shi. Zafin da aka samu shi ke tafasa ruwa, tururin ruwan ya juya farfelar inji, injin ya haifar da lantarki. Ashe ke nan tashar nukiliya tukunya ce ta tafasa ruwa, bambancinta da tashar kwal shi ne ba a ƙona kome a cikinta, saboda haka ba ta fitar da hayaƙi.

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na nau'in 235. Domin tashar wuta akan tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, domin bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90. Wannan tazara ce ta sa tukunyar wuta ba za ta iya fashewa irin fashewar bam ba, ko da yake tana iya yin zafi fiye da kima har ta narke idan ruwan sanyaya ta ya yanke. Ɗan curin makamashi da bai wuce kan ɗan yatsa ba yana ba da ƙarfin da ya yi kusa da na tan guda na kwal. Amma bayan an gama amfani da shi yakan zama shara mai haɗari, wadda dole a killace ta shekaru dubbai.

4.0 Tushen Tsoro

4.1 Kalmar Kanta

Asalin kalmar nukiliya daga Latin yake, inda tushenta ke nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo, kuma babu wani abin firgita a wannan ma'ana. Amma Bahaushe ta bakin rediyo ya fara jin kalmar, kuma kusan kullum a cikin labarin yaƙi: bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, da gasar makamai tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, da taƙaddamar Iran da ta Koriya ta Arewa. Ta haka kalmar ta zama abokiyar tafiyar wata kalma mai nauyi, watau makaman ƙare-dangi. Duk wanda ya tashi da wannan a kunnensa, idan aka ce masa za a kawo nukiliya garinsu, ƙarewar dangi ce za ta fara faɗo masa a rai kafin hasken fitila.

Akwai kuma wata matsalar fassara da ta cancanci kulawa. Abin nan mai cutarwa da ke fita daga yuraniyom da sharar nukiliya, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, akan fassara shi da tururi. Alhali kuwa tururi a wurin Bahaushe shi ne abin da ke tashi daga tukunyar tuwo. To, farin abin da ake gani a hotuna yana tashi daga manyan hasumiyoyin tashar nukiliya tururin ruwa ne na gaske, ba guba a cikinsa. Da yake kalma ɗaya aka ba abubuwan biyu, sai mai kallo ya ɗauka guba ce yake gani tana turnuƙe sama. Da za a kira na farkon ɓoyayyen haske, a bar wa na biyun sunansa na tururi, da an rage ruɗani mai yawa, musamman da yake dangin wannan ɓoyayyen haske ne ake amfani da shi a asibiti wajen ɗaukar hoton ƙashi da kuma ƙona ciwon daji.

4.2 Abin da Tarihi Ya Bari

Ba daga kalma kaɗai tsoron ya fito ba. A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Hamadar Sahara ta Aljeriya, watau ɓangaren da iskar hunturu ke busowa. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa ta kuma yanke hulɗa da ita a watan Janairu na 1961.

Sa'an nan ga batun Nijar. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit da ke jihar Agadas, mahaƙar Akouta kuma ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a 2021, ta bar tulin dusar ma'adini mai kimanin tan miliyan 20. A 2009 masu bincike na ƙungiyoyi masu zaman kansu sun auna ɓoyayyen haske fiye da kima a wasu titunan garin Akokan. Shekaru 50 ana kwasar wannan ƙarfe ana haskaka biranen Turai, amma mutanen Nijar da ke da lantarki ba su wuce kashi 20 cikin 100 da 'yan kai ba. Mutumin da ya san wannan tarihi yana da haƙƙin ya tambaya, wa zai sha wutar, wa kuma za a bar wa tokar?

4.3 Manyan Haɗurra

A ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunya ta huɗu ta tashar Cernobil da ke Yukren ta tarwatse, saboda aibin ƙira da kuma karya ƙa'idar aiki. Ma'aikata 2 sun mutu nan take, wasu 28 suka bi su cikin 'yan watanni, daga baya kuma aka sami dubban masu ciwon dajin maƙoshi a cikin waɗanda suke yara a lokacin. Abin da ya fi ɓata amana shi ne hukumomin Sobiyet ba su sanar da duniya ba sai da na'urorin ƙasar Suwidin suka gano abin. A ranar 11 ga Maris 2011 kuma girgizar ƙasa da igiyar teku suka kashe injinan sanyaya tukwanen Fukushima a Japan, aka kwashe mutane fiye da 150,000. Mutum ɗaya ne gwamnatin Japan ta amince a 2018 cewa ɓoyayyen haske ya yi ajalinsa, amma fiye da mutum 2,000, yawancinsu tsofaffi, sun rasu saboda wahalar ƙaura.

Idan aka ɗora waɗannan a ma'auni tare da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa gurɓatar iska tana kashe kimanin mutum miliyan 7 a kowace shekara, za a ga nukiliya tana cikin hanyoyin da suka fi ƙarancin kisa. Sai dai zuciya ba da sikeli take awo ba. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

5.0 Darasi Daga Garuruwa Biyu

Batun binne shara shi ne inda aka fi gwada amana tsakanin hukuma da jama'a, kuma garuruwa biyu na Turai sun isa misali. A 1977 hukumomin Jamus ta Yamma suka zaɓi ƙauyen Gorleben domin ajiye sharar nukiliya, ba tare da sun nemi yardar mazauna wurin ba. Manoma suka fito da taraktocinsu, aka shafe shekaru fiye da 40 ana zanga-zanga da tare hanyar jiragen ƙasa masu ɗauke da sharar, har a 2020 aka cire wurin daga jerin wuraren da ake dubawa. Jamus ta yanke shawarar barin nukiliya da sauri bayan Fukushima, ta kuma rufe tukwanenta uku na ƙarshe a ranar 15 ga Afrilu 2023, tun tana ƙona kwal.

Finlan ta bi wata hanya dabam. Tun 1983 gwamnati ta fitar da jadawalin neman wurin binne shara, doka kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ƙin amincewa, ikon da gwamnatin tsakiya ba za ta iya ƙetarewa ba. Aka yi shekaru ana binciken duwatsu ana kuma zama da mutane. A 2000 majalisar ƙaramar hukumar Eurajoki ta amince da ƙuri'a 20 a kan 7, a 2001 majalisar ƙasa ta tabbatar da ƙuri'a 159 a kan 3. Daga 2004 aka fara haƙa ramin Onkalo mai zurfin fiye da mita 400 a cikin dutse, aka kuma fara gwajin aikinsa a 2024. A 2022 jam'iyyar masu kare muhalli ta ƙasar ta amince da nukiliya a manufofinta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na wutar Finlan daga nan yake. Ilimin injiniyoyin Jamus bai gaza na Finlan ba. Bambancin shi ne mutanen Eurajoki sun san suna da ikon cewa a'a, wannan ne ya ba su natsuwar sauraron bayani.

6.0 Hanyoyin Gina Fahimta

6.1 Daidaita Kalmomi

Aikin farko shi ne masana kimiyya da masana Hausa da ma'aikatan gidajen rediyo su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni, ta yadda abin da aka faɗa a Kano shi za a ji a Maraɗi da Zangon Kumasi. Ana bukatar kalma dabam ga tukunya, da makamashi, da shara, da ɓoyayyen haske, da ma'auninsa. Kalmar da ta rage girman haɗari yaudara ce, wadda ta kambama shi kuma tada hankali ce, saboda haka sai an gwada kowace kalma a kunnen manomi da 'yar kasuwa kafin a sa ta a ƙamus.

6.2 Faɗin Gaskiya Dukanta

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai wayar da kai ya wajaba ya faɗi tsadar abin: tukwane biyu na tashar Vogtle a Amurka sun ci fiye da dala biliyan 30, tukunya ta uku ta Olkiluoto a Finlan kuma an fara gininta a 2005 amma sai 2023 ta shiga aiki sosai. Ya kuma faɗi inda aka yi nasara, kamar tashar Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka fara a 2012, aka kammala tukwanenta huɗu a 2024, tana ba da kimanin rubu'in wutar ƙasar.

Game da Nijeriya, an kafa Hukumar Makamashin Nukiliya tun 1976, an ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren gini, amma ba a gina tashar wuta ko ɗaya ba. Wutar da ake rarrabawa a ƙasar baki ɗaya takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, alhali babbar tukunya guda tana ba da 1,200, shawarar masana kuwa ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wayoyin ƙasa. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Duk wanda ya tambayi yadda za a riƙe nukiliya alhali riƙon waya ya gagara, tambaya mai ma'ana ya yi, kuma amsarta ita ce gyaran layuka, da horar da ma'aikata, da hukumar sa ido wadda ba ta tsoron gwamnati. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan shiri yana ɗaukar shekara 10 zuwa 15. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.3 Bakin da Ake Yarda da Shi

Arewacin Nijeriya ya riga ya ga abin da rashin amana ke haifarwa. A 2003 wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan-inna saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin, jita-jitar da ta sami gindin zama domin mutane ba su manta da gwajin magani da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya dawo da yarda shi ne shigowar sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida gida, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Darasin shi ne a shigo da waɗannan mutane tun kafin a yanke shawara, a ba su damar tambaya da musu, kada a jira sai wuta ta kama a nemi su kashe.

6.4 Gani Ya Kori Ji

Mutane da yawa ba su san cewa akwai tukunyar nukiliya a ƙasar Hausa ba. Tun 2004 wata ƙaramar tukunyar bincike mai ƙarfin kimanin kilowat 30 take aiki a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da kuma koyar da ɗalibai. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Ba ta ba da lantarki, kuma ba za a kwatanta ta da babbar tasha ba, amma bayanin aikinta da Hausa daga bakin ma'aikatanta zai fi dogon jawabin baƙo tasiri.

7.0 Kammalawa

An ga cewa nukiliya tana ba da wuta mai yawa da iskar kabon kaɗan, an kuma ga cewa tana da tsada, tana barin shara, tana bukatar tsari mai ƙarfi. Tsoron da jama'a ke yi yana da tushe a harshe da kuma tarihi, daga Reggane har zuwa Arlit, saboda haka kuskure ne a kira shi jahilci. Mai yiwuwa ne bayan cikakken bayani wata al'umma ta karɓa, wata kuma ta zaɓi hasken rana da madatsun ruwa, kuma kowanne hukunci ne da ya kamata a girmama muddin da sani aka yanke shi. Abin da ya rage ga sassan koyar da Hausa shi ne su fara tattara kalmomin da gidajen rediyo da jaridu ke amfani da su a wannan fanni, su auna su, su fitar da jerin da masu fassara za su dogara da shi, tun kafin ranar da za a tara dagatai da manoma a ce musu ga inda za a kafa harsashi.